Tsohon injin zuƙar ƙura: haja muke saye, ko sharar Turai muke biya wa kuɗin mota?

Duk wanda ke zagayen kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Gaya da Ƙwanni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Mai'aduwa, ya san layin masu kayan kuran na hannu, wato waɗanda wasu ke kira kayan Kwatano, wasu su ce Baljiyam, mutanen kudancin Nijeriya kuma su ce tokumbo. Firji ne, talabijin ne, dutsen guga ne, fanka ce, ga su nan jibge. A can gefe kuma, inda rana ta fi dukan kaya, ba a rasa tarin injinan nan na zuƙar ƙura masu dogon tiyo da ƙananan tayoyi, waɗanda masu jin Faransanci ke kira asfiratar. A kan wannan tarin muke son mu yi magana da ƴan'uwa ƴan kasuwa, domin kuwa a ganinmu babu hajar da ta kai shi fallasa irin cinikin biri a sama da muka daɗe muna yi da dillalan Turai.

Shi dai wannan inji ba baƙo ba ne a duniya. A shekarar 1901 wani Bature ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙato da doki ke ja, a tsayar da shi a ƙofar gida a zura tiyo ta taga. A 1908 kuma James Spangler, mai sharar wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, ya yi rajistar wani ƙarami da mutum ɗaya ke iya turawa, ya sayar da fasahar ga William Hoover, wanda a lokacin sana'ar fata yake yi. Shi ya sa har gobe Turawan Ingila duk injin da suka gani na wannan aiki Hoover suke ce masa. A can har akwai masu tara tsofaffinsa don sha'awa kawai. An buɗe masa gidan tarihi a jihar Missouri a 2009, kuma wani ɗan Ingila ya shiga kundin Guinness da iri 322. Su suna tarawa suna gogewa kamar yadda mai doki ke wanke dokinsa ranar hawan salla. Mu namu tarin na neman abinci ne, saboda haka dole mu yi masa lissafin ɗan kasuwa.

Bari mu fara da hanyar da yake biyowa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana a jefa kayan kuran cikin sharar gida. Akwai wuraren da ake kai su, kuma kamfanonin da suka ƙera su ne ke biyan kuɗin kwance su da narkar da abin da ke narkuwa. Wato a can, mataccen inji nauyi ne a wuyan mai shi, sai an kashe kuɗi kafin a rabu da shi. To amma akwai masu bi gefen titi da kasuwannin gwanjo suna kwashewa kafin ya isa inda ya kamata, su cusa shi cikin tsofaffin motocin da ake lodawa a tashoshin ruwa irin su Antwaf ta Baljiyam da Hambog ta Jamus, a kulle mota, a turo mana.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya tare da wata cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Nijeriya sun sa mutum ya zauna a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 yana buɗe kaya yana dubawa, aka fitar da sakamakon a 2018. An gano cewa wajen tan 60,000 na kayan kuran na hannu ke shiga kowace shekara, kusan kashi 70 cikin ɗari a cikin motoci suke zuwa, kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma aƙalla tan 15,400 ba sa aiki ko kaɗan. Wato abu ɗaya cikin huɗu ke nan, gawa ce aka yi wa jigila. Kada wani ya ce ai wannan Legas ce. Jiragen da ke sauke motoci a Legas suna tsayawa a Kwatano da Lome, kuma daga unguwannin dillalai ɗaya ake loda su.

Yanzu Alhaji ka ɗauki alƙalami. A ce ka sayi guda 20 a dunƙule, irin cinikin nan da ake ce maka ba a gwada ba, sa'arka. In lissafin Legas ya hau kanka, 5 matattu ne. Amma jirgin ruwa bai rage maka komai ba don sun mutu. Tashar ruwa ta karɓi nata, duwan ta karɓi nata, mai kamyo ya auna nauyi ko ya duba wurin da kaya suka ci, ƴan dako sun sauke sun ɗora, ga kuma na shingayen hanya da kowa ya sani ba sai mun faɗa ba. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya hau. Kowane kilo na mataccen inji ya sha wannan kuɗin daidai da na mai rai. Shi kuwa wanda ya loda maka a can ya ci riba biyu: ya tsira daga kuɗin zubar da shara, ya kuma karɓi kuɗinka a kai. In akwai wani suna da ya dace da wannan ciniki ban da kwasar shara da kuɗin aljihunmu, muna son a faɗa mana.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne doka tana bayanmu, mu ne ba mu jingina da ita ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 kan sharar kayan kuran ta ce duk mai fitar da na hannu zuwa waje sai ya riƙe takardar ciniki, da shaidar cewa an gwada kowane guda yana aiki, sannan ya naɗe kayan yadda ba za su fashe a hanya ba. In babu waɗannan, shara ce a idon hukuma, kuma fitar da ita laifi ne. A nan nahiyarmu, bayan abin kunyar garin Koko na Nijeriya a 1988, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya a filin wani talaka, ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991, ta fara aiki a 1998, ta haramta shigo da shara mai guba. Nijar da Benin da Togo duk suna ciki. Daga ranar 1 ga Janairun 2025 kuma yarjejeniyar Basel ta ƙara ɗaure igiya: duk sharar kayan kuran, mai guba da marar guba, ba ta ƙetare iyaka sai ƙasar da za a kai wa ta amince a rubuce. Saboda haka duk dillalin da ya ce maka kayansa ba a gwada ba, da bakinsa ya gaya maka cewa bai cika sharaɗin ƙasar da ya lodo su ba.

Mun san amsar manyan masu shigo da kaya, don mun sha jin ta a filin ƴan kasuwa na gidan rediyonmu. Suna cewa wanda ba a gwada ba ya fi araha, in ka dace ka ci riba mai kauri, kuma ko matattun ma ai masu gyara na neman su don cire kayan gyara. Akwai gaskiya a ciki, ba mu musa ba. Sai dai wa ke dacewa, wa ke faɗuwa? Babban dillali da ke sauke kwantena ya san kayansa, yakan tsame masu kyau tun a sito ya sayar da su da tsada, ragowar ya haɗa su kashi-kashi ya tura wa ƙaramin ɗan kasuwa na bakin iyaka, wanda jarinsa bai wuce na kashi ɗaya ba. Shi wannan in ya faɗi sau biyu ya tashi daga layin. In kuwa don kayan gyara ake kawo matattun, to a kira su da sunansu, a ɗora su a sikeli a sayar da su kuɗin gwangwan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma zalunci ne a miƙa wa mutum rariya a ce masa ƙwarya ce.

Kuma gwada wannan inji ba ya buƙatar karatun injiniya. Ka kifa shi, a ƙarƙashinsa akwai ƴar takarda ko ƙarfe da aka rubuta lambobi. Ka nemi harafin V. In ka ga 220 ko 230 ko 240, ya dace da kuran ɗinmu. In ka ga 110 ko 120, na Amurka ne, in 100 ne na Japan, kana jona shi a bangonmu zai yi ƙara ɗaya ya yi hayaƙi. Mutane da yawa sun ƙona inji lafiyayye ta haka suka koma suna zagin mai kaya. Sannan ka nemi harafin W, wato yawan wutar da yake ci. A nan ne masu talla ke ruɗin mutane, su nuna maka 2000 ko 2200 su ce wannan shi ne mai ƙarfi. Abin da ba su gaya maka ba shi ne tun watan Satumban 2014 Tarayyar Turai ta hana fito da sabon injin gida mai igiya da ya wuce 1600, a Satumban 2017 kuma ta sauko da shi zuwa 900. Ke nan duk na gida da ya fito daga Faransa ko Jamus ko Baljiyam yana ɗauke da 2000, ya haura shekara 10 a duniya. Babbar lambar nan shaidar tsufa ce. Ba ta nuna ƙarfin zuƙa, yawan cin wuta kawai take nunawa, kuma ƙaramin janareton da yawancin shaguna da gidajenmu ke da shi ba ya iya ɗaukar sa.

Bayan karatu sai jonawa. Ka saurari ƙararsa: in tana tafiya sumul, madalla, in tana gurnani ko kuka kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, bori ya ci. Ka sa hanci: warin ƙonanniyar roba ko na waya alama ce ta koyil da ya sha zafi. Ka leƙa ta ramukan iska, ɗan tartsatsi kaɗan ba komai, amma in wuta na zagaye kamar ana walda, ka ajiye shi. Ka ɗora tafin hannu a bakin tiyo ka ji ko yana kamawa, ka bi tiyon da hannu ko ya tsage. Ka jawo igiyar har ƙarshenta ka murɗa ta kusa da kai da kusa da jiki, don a nan take karyewa ta ciki. Kada ka yarda da gwajin daƙiƙa biyar, ka bar shi ya yi ƴan mintoci, domin akwai wani ɗan makashi a ciki da ke yanke wuta in mota ta yi zafi, kuma mai ciwo sai ya ɗumama yake nuna halinsa. Duk wannan bai kai tsawon cinikin akuya ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mai sayarwa ya gaya wa mai saye, in yana son ya sake ganin sa. An ƙera injin nan ne don gidan Turai mai rufaffiyar taga da gashin kare da ɓurɓushin burodi. Ƙurarmu ta hunturu laushi gare ta kamar garin alkama, nan da nan take toshe matata. Iskar da injin ke zuƙa kuwa ita ce ke sanyaya motarsa, saboda haka in matata ta toshe, mota ta shaƙe, ta yi zafi, ta ƙone. Mai gaggawa sai ya cire matatar ya yar don iska ta wuce, yashi ya shiga mota kai tsaye, cikin ƴan makonni an gama. Masu jaka kuma kowane kamfani da irin jakarsa, ta Miele ba ta shiga Rowenta, kuma ba a samun su a kasuwanninmu. Wanda ke da tela mai basira yana iya ɗinka ta yadi mai kauri a riƙa zazzagewa ana wankewa, amma sai an gaya wa mai saye tun farko.

Wani hanzari ba gudu ba, sababbin da ke shigowa yanzu marasa igiya, masu batir, su ne muka fi jin tsoro. Galibi abin da ya sa Bature ya yar da su batirin ne ya gaji, sabonsa kuma yakan kusa kuɗin injin, sau da yawa ko cajarsu ba ta biyo su ba. Batirin litiyom in ya kumbura ko aka danne shi yana iya kama wuta da kansa, wutar da ba ta mutuwa da sauƙi. A tuna yadda ake danƙara kaya a bayan kamyo cikin zafin watan Afrilu, a tuna kuma rumfunanmu na zana da buhu da katako da ke manne da juna. Duk wanda ya sayi irin waɗannan ya cire batiran ya ajiye su daban a inuwa, nesa da yadi da man fetur.

Kada a fahimce mu a karkace, ba cewa muke a hana sana'ar ba. Injin nan yana da masu buƙatarsa na gaskiya: masallatan da aka shimfiɗa wa kafet, masu wankin mota, otal-otal, ofisoshi, da gidajen da amarya ta zo da shimfiɗa daga bango zuwa bango. Sabo fil ya fi ƙarfin yawancinsu. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kira matattu suma kawai suka yi. Igiya ce ta karye, ko makunni ya lalace, ko safa ta toshe tiyo, ko gawayin nan biyu da ke gogar mota sun cinye. Yaro mai hannu a kasuwar Katako ta Yamai, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, yana iya tayar da uku daga cikin biyar ta hanyar cire na wannan ya sa wa wancan. Wanda jikinsa ya farfashe amma motarsa na da rai, ana iya mayar da shi abin hura iska, maƙera da masu zubin tukwane su huta da zuga-zugi, in dai an san cewa ba a yi motar don ta wuni tana gudu ba. Dokar Turai awa 500 ta ɗora wa masu ƙerawa a matsayin mafi ƙarancin rayuwarta, wanda ya ishi mai sharar ɗaki shekaru, amma bai kai wata uku ba ga mai kunna ta safe zuwa yamma.

Su kansu Turawan sun fara dawowa kan abin da masu gyaranmu suka daɗe da sani. A 2009 aka buɗe zauren gyara na farko a Amstadam, inda maƙwabta ke haɗuwa su gyara kayan juna kyauta, yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Faransa tun ƙarshen 2022 ta wajabta a manna wa sabon injin zuƙar ƙura maki da ke nuna sauƙin gyaransa, tana kuma rage wa mutane kuɗin gyara. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara, wannan inji na cikin kayan da ta lissafa. Mu abin da muka hango a nan shi ne, in mai sauƙin gyara ya fara tsayawa a gidan mai shi, to wanda zai riƙa gangarowa tashar ruwa shi ne wanda mai gyaran can ya duba ya girgiza kai. Ɗan kasuwar da bai koyi gwaji yanzu ba, kason gawarsa ƙaruwa zai yi.

Sai mu zo kan wanda ya mutu murus, domin a nan maganar ta tashi daga aljihu ta koma kan lafiyar ƴaƴanmu. In aka fasa injin nan, abin kuɗi a cikinsa kaɗan ne: jan ƙarfen da ke naɗe a mota, wanda bai fi cikin tafi ba, da na cikin igiya, da ɗan baƙin ƙarfe da alminiyam. A wasu na baya-bayan nan ma wayar motar alminiyam ce aka shafa wa launin ja, sai ka kankare da wuƙa ka ga fari. Duk sauran roba ce. To yaya yaranmu ƴan gwangwan ke fitar da jan ƙarfen igiya? Su tara ta a bayan kasuwa, su ɗora tsohuwar taya ko soso, su cinna wuta, su tsaya a kai suna juyawa da sanda. Baƙin hayaƙin nan da ke tashi yana ratsa rumfar mai tsire da ta mai fura, tokar kuma ta zauna a ƙasa, kaji su yi tono a ciki, awaki su lasa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa tafkin da ake ban-ruwan lambu.

Wanda ke ganin wasa ne ya tambayi ƴan'uwanmu na zangon Ankara labarin Agbogbloshie, filin da samari, yawancinsu ƴan arewacin Gana, suka shafe shekaru suna wannan ƙone-ƙone. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da BAN suka gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka tarar cewa babban mutum in ya ci ƙwai ɗaya ya sha gubar dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki na iya ɗauka a rana. Ita wannan guba daga ƙona irin robar da ke lulluɓe da waya take fitowa, ba ta da ɗanɗano, ba ta kashewa nan take, taruwa take a kitsen jiki har ta bi nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 tana gargaɗi cewa yara da mata masu ciki su suka fi cutuwa da aikin sharar kayan kuran, ta fuskar huhu da ƙwaƙwalwa da haihuwar bakwaini. Mu ba mu kai Agbogbloshie ba, amma ita ma da ƴar wuta ɗaya a bayan kasuwa ta fara.

Abin mamaki, ƙonawar ko a kasuwance hasara ce. Duk mai sayen gwangwan ya san jan ƙarfen da aka feɗe da reza, mai sheƙi, ya fi ƙonanne daraja a sikeli, kuma wuta tana cin wani abu daga nauyin siririyar waya. Igiyar wannan inji doguwa ce, mai kauri, mai sauƙin feɗewa, in ma lafiyarta ƙalau ai sayar da ita ɗungurungum ga mai neman jona fanka ko injin aski ya fi fasa ta riba. Haka tayoyin, da makunni, da bututun ƙarfe, da tiyo, kowanne yana da mai nema in an jera shi a tebur maimakon a farfasa da guduma. Yaro yana ƙonawa ne don uban gidansa ya ce ya kawo kilo kaza kafin la'asar, kuma ba a ba shi ko reza da safar hannu ba. Iyayen gidan nan mun san su, tare muke salla da su, su ya kamata a yi wa magana.

Jakar ƙurar da ke ciki ma abin lura ce. Sau da yawa a cike take zuwa, da dattin gidan wani da ba mu san shi ba, gashin dabba da ƙwari da fasasshen gilashi. Mun ga ana zazzage ta a tsakiyar layi, iska na kaɗawa kan tiren mai ƙosai. A ɗaure ta a leda, a rufe hanci, a kai ta juji.

Hukumomi kuma, in sun tashi, korar ƴan gwangwan suka fi sani. Gwamnatin Gana ta rusa Agbogbloshie a watan Yulin 2021, masu aikin suka watsu cikin unguwanni suka ci gaba da ƙonawa a inda ido ba ya kai wa. Jihar Borno ta haramta sana'ar gwangwan a 2023 saboda dalilan tsaro, hukumar Abuja ita ma ta hana ƴan bola jari yawo a cikin birni a farkon 2025 saboda satar kayan gwamnati. Ba mu ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, wanda aka taɓa cire wa wayar gida ko murfin kwalbati ya sani. Amma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan kuran, kusan kashi ɗaya cikin uku ƙananan kaya ne irin wannan inji, kuma a Afirka abin da aka tattara ta hanyar hukuma bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Sauran wa ya kwashe? Waɗannan yaran masu kura da buhu. In aka kore su ba a kawo madadinsu ba, a lambatu kayan za su kwana.

Saboda haka kiranmu na farko ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne da sarakunan kasuwa, don su ba sai sun jira wata doka daga Yamai ko Abuja ba. A kafa teburin gwaji a bakin layin kayan kuran da kuma ƙofar kowane sito da ake sauke kaya, da wurin jonawa da mita da yaro ɗaya da ya iya aikin, a riƙa ba shi ɗan abin gwaji a kan kowane guda. A raba kaya gida uku, mai aiki da mai neman gyara da gawa, kowanne da kuɗinsa, a rubuta a rasit. Ƴan layi su haɗa baki su daina karɓar kashin da aka hana su jonawa, domin muddin mutum ɗaya zai karɓa, dillali ba zai canza ba. Masu aika kuɗi Turai a lodo musu kuma su sa sharaɗin takardar gwaji tun kafin kuɗi su bar hannunsu, tunda dokar can ta riga ta ɗora wa mai lodi wannan nauyi. Jami'an duwan da na kare muhalli, in sun buɗe mota suka tarar da injina a watse babu naɗi, igiyoyi a yanke, sun san abin da suke kallo.

Ma'aikatun magadan gari kuwa, da ke karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, su yanka wa masu kwance kaya fili guda sananne a bayan gari, ta inda iska ba ta kaɗowa cikin kasuwa, nesa da rijiya da mahauta da masu abinci. A daɓe ƙasan da siminti, a yi rumfa, a rubuta sunan kowane uban gida da yaransa, a hana ƙananan yara shiga, a kuma sa tara mai zafi kan duk wanda aka kama ya cinna wa waya wuta. A keɓe kusurwa ɗaya ta tara ɓawon robar, a ware shi launi-launi, har ya kai lodin da masu niƙa roba na Kano za su ga ya isa su aiko mota.